Ku Tambaya Mu Amsa: Ga masu difilom zaune a gida, ga likita ba ma'aikata

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo ta WhatsApp wannan karon kusan duk wuri guda suka dosa, maganar ma'aikatan kiwon lafiya, yawansu da albashinsu, to sai na tattara su wuri ɗaya, masu tambayar fili da gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum mun cire sunaye, wasu saƙonnin kuma mun taƙaita su.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce daga Tawa. Ɗiyata ta yi lakkwal ta ungozoma shekara uku, munka saida ɗan abin da muke da shi munka biya, ta samu difilom ɗinta tun shekarun baya amma har yau ba a ɗauke ta ba. Kullum da sahe tana tahiya wata CSI, ƙaramar likita ta gomnati, tana aiki kyauta, wai benebol, ko kuɗɗin kabu-kabu mu ke ba ta. Kuma kullum a rediyo ana cewa ƙasa ba ta da isassun ungozoma. To in babu su, ita wagga da ke zamne gabana fa?

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa ɗiyar nan albarka ya kawo mata nata rabon. Maganar rediyo gaskiya ce, taki ma gaskiya ce. Ungozoma masu takarda akwai su, a Tawa akwai, a Yamai ma sun fi yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gurbin da aka ware wa kuɗi a kasafin gomnati, wato wurin da in an sa mutum, ƙarshen wata tirezor, wato baitulmalin gomnati, zai biya shi.

Ki gane, ministan kiwon lafiya shi ke kukan ba shi da mutane amma ba shi ke riƙe da makulli ba. Shi dai nashi ya rubuta ya ce ina buƙatar ungozoma kaza, infirmiye kaza, lokotoro kaza. Ma'aikatar da ke kula da ma'aikatan gomnati ita ke shirya konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, ta ba da lambar nan ta matirikil, shaidar zama cikakken ma'aikacin gomnati, da kowa ke mafarki. Amma mai cewa bana mutum kaza kawai za mu iya, ministan kuɗi ne, shi kuma ba yawan mata masu naƙuda yake fara dubawa ba, abin da ke shiga asusu yake dubawa.

Za ki ce to ai muna gani ana ta gina sabbin likitoci, kuɗin nan daga ina. Gini sau ɗaya ake biyansa Hajiya, sau da yawa ma da kuɗin wasu abokan hulɗa na waje, a yanke ƙyalle a ɗau hoto a watse. Ɗaukar ma'aikaci kuwa kamar aure ne, ba sadakin ne abin tsoro ba, cefanen kullum ne. Yarinya ƴar shekara 25 in ta samu matirikil yau, gomnati ta ɗau alkawarin biyanta kowane wata sama da shekara 30, ga ƙarin girma da ke zuwa lokaci lokaci, ga alawus, ga fansho in ta aje aiki. Bari in yi miki lissafi na misali kawai, ba albashin kowa nake faɗa ba: a ce mutum guda yana cin wa gomnati jikka 150 a wata in an haɗa komai da komai. Mutum 1,000 ke nan miliyan 150 a wata, a shekara miliyar 1 da miliyan 800, baɗi ma haka, shekarar da ke bi mata ma haka, babu ranar da za a ce an gama biya. Masu ba da tallafi kuwa za su sayi ambilans, su kawo allurar riga-kafi da gidan sauro, su biya kuɗin horo, amma da wuya ki ga wanda ya yarda ya ɗau albashin dindindin a kansa.

Sannan akwai ƙa'idar ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka, ƙungiyar UEMOA, wadda har yanzu Nijar na cikinta ko da ta fita daga CEDEAO. Ƙa'idar ta ce albashin duk ma'aikatan gomnati kada ya wuce kashi 35 cikin 100 na harajin da ƙasa ta tara. An jingine yarjejeniyar a 2020 lokacin korona, amma masu tsara kasafi da ita suka tashi kuma da ita masu ba da bashi ke auna mu. Ni a ganina 35 ɗin ba shi ne ciwon ba, ciwon shi ne 35 na nawa. Ƙungiyar ta ce ya kamata haraji ya kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, mu kuwa muna yawo wajajen 10, don mafi yawan jama'a noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke ba sa cikin takarda, wasu manyan kuma suna yawo da takardar yafe haraji a aljihu. A cikin wannan ɗan abin ne malaman makaranta, da sojoji da jandarma da ƴan sanda, da ma'aikatan lafiya duk za su samu nasu, kuma tun 2015 da rikici ya shigo Diffa, daga baya ya kai Tillaberi da arewacin Tawa, kowa ya san inda kuɗi suka fi karkata.

Na san za ki tuna lokacin da in yaro ya fito ENSP, makarantar kiwon lafiya ta gomnati, ta Yamai ko ta Damagaram aikinsa na jiransa. Haka ne, don a lokacin gomnati ce ke horarwa kuma daidai wanda za ta iya ɗauka take sakawa. Abin ya fara lalacewa farkon shekarun 1980 da farashin uraniyom ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na asusun ba da lamuni na duniya FMI da Bankin Duniya, aka daina ɗauka kai tsaye, sai ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 kuwa har yau ba su manta watannin da suka yi ta bin gomnati bashin albashi ba. Daga nan aka koyi dabarar ƴan kwantiragi, aiki iri ɗaya kuɗi ƙasa da na mai matirikil, da ƴan sarbis sibik, masu bautar ƙasa, da ake cike gurbi da su na ɗan lokaci. A ɗaya gefen kuma aka buɗe ƙofa ga makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu, suka cika Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa, kowace shekara suna yaye ɗalibai babu wanda ya tsaya ya ce to su waɗannan ina za a kai su. Wani lokaci a yi babbar ɗauka, kamar farkon mulkin Issoufou Mahamadou da aka ɗebi ɗaruruwan likitoci, sai kuma a yi shiru na shekaru, layi ya sake taruwa. A 2023 bayan takunkumin da aka ƙaƙaba mana, kasafin shekarar sai da aka zaftare masa kashi 40 cikin 100, a irin wannan shekara biyan waɗanda ke ciki ma kokawa ce balle ɗaukar sababbi.

Shi kuwa aikin benebol ɗin nan ba na son shi, in faɗa miki gaskiya. Yana taimaka wa yarinya hannunta kada ya mutu, amma in ya zama shekara da shekaru to gomnati ce ke cin gumin ƴaƴan talakawa kyauta, kuma shi ke haifar da abin da jama'a ke kuka da shi, ma'aikaciya ta saida magani daga jakarta ko ta ce a ba ta na sabulu bayan haihuwa, don mutum ba ya aiki da yunwa har abada. Ɗiyarki ta riƙa karɓar takardar shaida daga majo, wato shugaban CSI ɗin, da kuma ofishin lafiya na gunduma duk lokacin da ta yi, ta yi katin ANPE, hukumar samar da aikin yi, ta riƙa sabunta shi don ƙungiyoyi masu zaman kansu na tambayarsa, in ta ji komin, wato ƙaramar hukuma, ko wata ƙungiya na neman ungozoma a Keita ko Buza ko Bagarwa kada ku ce sai cikin gari. Wanda duk ya zo ya ce ku kawo kuɗi zai samo mata matirikil, ku rufe ƙofa.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Katako. Ran nan cikin dare yarona jikinsa ya yi zafi har yana shiɗewa, muka kai shi wata likita ta unguwa, mutum ɗaya tak muka tarar, layi har waje, sai wajen asuba aka duba mu. Amma da rana in ka bi ta wurin nan fararen riguna sun fi goma suna hira a inuwa. Ni dai na ce ba ƙarancin ma'aikata ba ne lalaci ne kawai, kuma na san za ka kare su don ku ƴan boko ba ku ganin laifin juna.

AMSA: Alhaji ina fatan yaron ya warware. Kafin komai, yaro mai shiɗewa ba ya bin layi, ko mutum nawa ne a gabanka ka wuce kai tsaye ka ce yaro na shiɗewa, ƙa'idar aiki ce a fara da shi, kuma masu layin ma ba za su hana ka ba.

Kai ɗan kasuwa ne to mu yi lissafi. Sati guda awa 168 ne in an haɗa dare da rana. Ma'aikaci bisa doka awa 40 yake yi a sati. Raba 168 gida 40, ka samu mutum 4 da ɗoriya. Yanzu ka sa hutun shekara na wata guda, ka sa hutun haihuwa na sati 14 tunda yawancin ma'aikatan nan mata ne masu ƙuruciya, ka sa rashin lafiya da rasuwa da tafiya horo, sai ka ga kujera guda ɗaya tak da ake so kada ta taɓa zama ba kowa, mutum 5 take ci. In wurin yana da ɗakin duba marasa lafiya da matanite kuma ana so duka biyun su kwana buɗe, albashi 10 ke nan kafin ka yi maganar mai awon jini, mai ba da magani, mai allurar yara, mai awon ciki. Shi ya sa sunaye a allo suna da yawa amma da dare mutum guda za ka gani.

Su kuma fararen rigunan da ka gani da rana, ka tambaya wata rana nawa ne ma'aikatan wurin na gaske. Za ka tarar da yawansu ƴan staj ne, ɗalibai masu koyon aiki daga makarantu, da ƴan benebol irin ɗiyar Hajiya ta sama, waɗanda ba a isa a bar musu wuri su kaɗai da dare ba, kuma ba a biyansu balle a tilasta musu kwana. In abin ya faɗo tsakanin Agusta da Oktoba kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, marasa lafiya sun ninka, ma'aikatan suna nan yadda suke, wasunsu ma an kwashe su zuwa rabon maganin riga-kafin zazzaɓi na yara gida gida.

To amma ba zan wanke su tas ba, don abin da ka faɗa akwai shi. Akwai wuraren da kowa ke son aikin safe, a cika wuri ƙarfe tara a watse kafin azahar, akwai mai matirikil da rabin ranarsa a kilinik mai zaman kanta take ƙarewa, akwai wanda ya ƙware a bin tarurrukan horo na otal saboda pardiyem ya fi masa daɗi, kuma majo na gani ba ya iya magana don wance matar wane ce, wane kuma ɗan wane ne. Wannan albashi ne ake biya ba a samun aikinsa, kuma shi ke ba ministan kuɗi hujjar cewa ku fara amfani da waɗanda kuke da su. Hukumar lafiya ta duniya OMS tana da wata hanyar lissafi da ake kira WISN, ana duba rajista a ga mutum nawa aka duba a shekara, haihuwa nawa, allura nawa, kowanne minti nawa yake ci, sai a fitar da yawan ma'aikatan da wurin ke buƙata. In aka bi ta tsakani da Allah za a ga wasu wurare a Yamai sun yi rara wasu kuma mutum ɗaya ke ɗauke da aikin mutum uku. Kowace CSI tana da kwamitin jama'a na gudanarwa, ka nemi wakilin unguwarku ka ce a riƙa liƙa jadawalin masu kwana a bakin ƙofa inda kowa zai gani.

TAMBAYA: Yaya ina gaisuwa. Ni infirmiye ne a wata CSI arewa da Tawa. Ni kaɗai ne mai difilom, sai wata tsohuwa mai taimakon haihuwa da mai shara. Ni ke duba marasa lafiya, ni ke karɓar haihuwa, ni ke allura, ni ke rubuta rapor na wata, ran da na hau moto na tahi gunduma ɗauko allurai wurin ruhe shike. Wanda munka gama tare yana Yamai, albashinmu guda, yana kwana gidansa. Mi ya sa anka tara mutane can anka bar mu?

AMSA: Ƙanena sannu, Allah ya biya ka. Ƙidayar 2012 ta nuna Yamai na da mutum miliyan 1 da ƴan kai cikin miliyan 17 da ɗoriya na ƙasa baki ɗaya, wato wajen kashi 6 cikin 100, jihar Tawa kuwa ta haura miliyan 3. Amma in ka duba inda lokotoro da ungozoma suke, kason Yamai ya ninninka wannan shidan.

Wani ɓangare na abin yana da hujja. Babban asibitin ƙasa na Yamai, da na Lamorde mai sunan Amirou Boubacar Diallo, da asibitin Referans mai gado 500 da aka ƙaddamar a 2016, da matanite Issaka Gazobi, ba mutanen Yamai kaɗai suke dubawa ba, wanda ya gagara a Tawa ko Doso ko Agadas can ake kai shi, to dole ƙwararru su taru inda na'urori suke. Amma wannan bai bayyana ƙananan likitocin unguwa da ungozoma suka yi cunkoso ba alhali gunduma guda a karkara na neman ko guda biyu. A nan akwai bin miji, mace ta yi aure a canza mata wuri zuwa inda mijinta ke aiki, kuma ba zan ga laifinta ba, wace ce za a tura ƙauyen da babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu wuta, ga maganar tsaro wajajen Tilliya da Tasara, ta ce a'a ni can nake so. Akwai kuma sanayya, wanda ke da wani a ofis afektasiyonsa, wato inda ake tura shi aiki, ba ta wuce kwalta, wanda ba shi da kowa irinka a kai shi a manta da shi.

Ga inda na tsaya ni. Duk lokacin da aka zauna maganar kuɗi, sandikoki, wato ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan lafiya, irin su SUSAS da SYNPHAMED abin da za su nema shi ne ƙari ga kowa, kuma aikinsu ke nan, kowane memba nasu ne. Sai dai ƙarin da aka yi wa kowa daidai yana cin miliyoyi masu yawa amma ko mutum guda ba zai sa ya bar Yamai ya tafi Cintabaraden ba, tunda da ya tafi da ya zauna duk ɗaya. Da za a ɗau wani kaso na kuɗin nan a yi pirim, wato alawus na musamman, mai kauri, wanda mutum zai ji a jikinsa, ga wuraren da aka lissafa da suna cewa masu wuya ne, kuma ranar da ka bar wurin pirim ya tsaya, da an ga canji da kuɗi kaɗan. Haka gurbin kansa ya zama na wurin ne, in an buɗe konkur a ce ungozoma kaza na Abalak, wadda ta ci ta san can ne, in ta tashi gurbin ya zauna a ɗau wata, ba ta tafi da shi cikin jaka ba kamar yadda ake yi yanzu. A yanka wa'adi kuma, wanda ya yi shekarunsa a daji shi ke da fifiko wurin canji da komawa karatu, a rubuce, ba alfarma ba. OMS ma tun 2010 ta ba da shawarar a riƙa ɗibar ɗalibai daga karkarar kanta, don ɗan wuri ya fi zama. Kuma mun ga irin wannan tunani ya yi aiki a ƙasar nan, lokacin da aka ga likitocin tiyata ba za su taɓa isa kowace gunduma ba aka riƙa ba likitoci na gama-gari horon tiyatar gaggawa, yau ana ciro jariri a asibitocin gunduma da dama ba sai an kwashi mace zuwa babban gari ba.

Kai kuma ka rubuta buƙatar canji kowace shekara ta hannun likitan gunduma ka aje kwafi mai tambari, ka kuma riƙa sa yawan aikinka a rapor dalla dalla, don wurin da bai nuna adadi ba shi ake mantawa.

TAMBAYA: Malam ni mai gadi ne a wata CSI, kwamiti ke biyana ba gomnati ba. Tunda anka rage kuɗɗin likita albashina ya riƙa jinkiri, sun ce kes, asusun CSI ɗin, ba kuɗɗi. Ina ruwan ragin da albashina?

AMSA: Baba akwai ruwansa sosai. Kuɗi iri biyu ke tafiyar da CSI. Mai matirikil daga tirezor ake biyansa ko an samu marar lafiya ko ba a samu ba. Amma mai gadi da mai shara da mai karɓar kuɗi a wurare da yawa, da man ambilans, da sake sayen magani, duk daga ɗan abin da marasa lafiya ke biya a ƙofa suke fitowa, tsarin da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987 wanda Nijar ta yi wa doka a 1995. Da aka ce tiyatar haihuwa kyauta ce, sannan a 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 ma kyauta, yarjejeniyar ita ce likita ta yi aikin ta aika wa gomnati takardar bashi a mayar mata, to mayarwar ce ta riƙa jinkiri har bashi ya taru, yara kuwa su ne mafi yawan masu zuwa. Daga 1 ga Satumban 2024 aka rage kuɗin ganin likita da rabi aka kuma mai da haihuwa kyauta, abu ne mai kyau ƙwarai, talaka ya ji sauƙi kuma wanda da yake zaune gida da ciwo yanzu yana fitowa. Amma aiki ya ƙaru, abin da ke shiga kes daga kowane mutum ya ragu, in cikon bai zo daga gomnati kan lokaci ba to irinku ake fara taɓawa.

Ka sani mafi ƙarancin albashi a doka ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. Ka nemi kwamiti su yi maka takardar kwantiragi su kuma rubuta watannin da kake bi, shugaban kwamiti da majo su sa hannu. Ku tafi tare ofishin komin, komin na da hurumin sa hannu a harkar lafiya kuma wasu suna ɗaukar albashin masu gadi a kasafinsu.

TAMBAYA: Don Allah ma'aikata nawa ya kamata a ce muna da su? Ɗalibi daga Harobanda.

AMSA: Mizanin da ake yawan ambata a nan shi ne lokotoro 1 ga mutum 10,000, infirmiye 1 ga mutum 5,000, ungozoma 1 ga mata 5,000 masu shekarun haihuwa. Yau ana ƙiyasta mun haura miliyan 26, ke nan lokotoro 2,600 da infirmiye 5,200 a ƙalla. Amma OMS a 2006 ta ce in aka haɗa ukun ya kamata su kai 2.3 ga kowane mutum 1,000, a 2016 ta ɗaga zuwa 4.45, wanda a wurinmu ya kai wajen mutum 115,000. Mu ko 1 cikin 1,000 ba mu kai ba. Kuma ƙasa na ƙaruwa da wajen mutum 900,000 a shekara, wato ko don mu tsaya inda muke sai an ƙara kusan lokotoro 90 da infirmiye 180 duk shekara, ban da maye gurbin masu ritaya da waɗanda suka rasu. A Afirilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, mu shekaru da dama ko 10 ba ma kaiwa.

TAMBAYA: Kawu ina shekarar ƙarshe a karatun likita, abokaina duk maganarsu Faransa ko ƙungiyoyin agaji. In na fita na ci amanar ƙasa?

AMSA: Ɗana, mutum ya yi shekara 7 ko 8 yana karatu ya fito ya zauna jiran konkur, in ya nemi abinci wani wuri ba ni da bakin zaginsa. Amma ka san abu biyu. Nijar na cikin ƙasashe 55 da OMS ta lissafa a 2023 ta ce kada ƙasashe masu arziki su riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu, wannan bai hana kai ka nema da kanka ba, sai dai difilom ɗinka ba ya ba ka izinin aiki kai tsaye a Faransa, sai ka ci jarrabawarsu mai ƙarancin gurbi, kuma da yawa sun yi shekaru a can suna cikakken aikin likita da albashin mai koyo. Ƙungiyoyin agaji kuwa suna biya da kyau amma kwantiragi ne, ran da mai ba da kuɗi ya janye ko aka rufe ofis aiki ya ƙare, kuma mun ga haka a shekarun nan. In ka karɓi bursu ta gomnati ka duba takardar da ka sa wa hannu tun farko ko akwai sharaɗin yi wa ƙasa aiki a ciki, kafin ka biya kuɗin biza.